Injin da Ya Fi Inna Murya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sayi injin yankan ciyawa ba, ko da yake na shafe shekaru ina ƙoƙarin yin hakan. A iya sanina, ni ne mutum na farko da ya shigo da irin wannan inji garin Dutsin-Ma da gumin kansa, ba na gwamnati ba, ba na Bature ba. Har yau akwai tsofaffi a garin da in an ambace ni sai su ce, "Wane? Mai injin nan?" Daga nan sai su sauya magana, don sun san ƙarshen labarin.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina koyarwa a makarantar firamare, ina da farin wando mai karin guga, da agogon hannu, da cikakken imani cewa duk abin da Turawa suka tafi suka bari mu ne za mu riƙe shi, har mu fi su iyawa. Aka ba ni wani gida a bakin gari, wanda wani Baturen auduga ya zauna a ciki kafin ya koma ƙasarsu. Rufin kwano, ga baranda, ga fili gaba da baya, an kewaye da shingen bini-da-zugu. A filin gaba Baturen ya shuka ciyawar kirikiri, har yana sa a yi mata ban ruwa da rani, abin da ya sa mutanen gari suka daɗe suna tausaya masa. A wurinmu tsakar gida sharewa ake yi tas, har ka ga sawun tsintsiya. Gidan da ciyawa ta fito a ciki, ko dai mai shi ya mutu, ko babu mace. Ni kuwa na yi karatu a Zariya, na leƙa unguwar Turawa a Kaduna, na san cewa ado ne.

A shekarar ne mahaifina ya rasu a Wurma, cikin ƙasar Kurfi, bayan an gama kai amfanin gona gida. Manomi ne ɗan manomi, bai taɓa yin wata sana'a ba. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma namijin da ya rayu, saboda haka da Inna ta fita takaba na je na ce zan taho da ita wurina. Ƙaninta, Kawu Bawa, mai fataucin awaki a Kurfi, shi ma so yake ta koma gidansa. Muka zauna a zaure a kan maganar.

"Kai ɗan nan," in ji shi, "gidan nan naka da ake ta faɗi, da wa za ta yi hira a ciki?"

"Ga ni nan, Kawu."

"Kai? Ɗan fari? Ai gara ta yi hira da turmi, shi ko ba komi in an buge shi yana amsawa."

Gaskiya ya faɗa. Inna irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari har iyakarta. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ji wani abu, sai ta gaya wa ƙofa, ko kaza, ko duk wanda ke kusa. Matata ce ya kamata ta zama tsani a tsakaninmu, ita kuma ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Katsina, ba za ta dawo ba sai ta haihu ta gama wanka.

Duk da haka na dage. Ina so uwata ta ƙarasa rayuwarta a ƙarƙashin rufina, ta ci abin da karatuna ya haifar, tunda Baba bai samu ya ci ba. Da Kawu ya gaji da ni sai ya ce, "Shi ke nan, tafi da ita. In damina ta kankama zan zo in gani da idona. In na tarar ta zauna, ka ci. In na tarar tana ramewa, ƙafata ƙafarta, kuma kar ka kawo mani Turanci."

Inna ta ƙi babban gidan. Ta leƙa ɗakunan, ta taka simintin a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe, sai ta zaɓi wani ɗan ɗaki can baya inda kukun Bature yake kwana a da. A bayan ɗakin akwai ɗan fili har zuwa shinge, wurin da ban taɓa zagayawa ba, don ba a san ƙato da zagaya bayan ɗakin uwarsa ba.

Makonnin farko sun yi nauyi. Takan dafa tuwo ta ajiye a baranda, ta ce wa ginshiƙi, "Ga abinci nan, in da mai ci." Nata kuwa sai in ga ƙwaryar ta dawo kusan yadda ta tafi. Wuni take a bakin ƙofarta tana kallon hanya. Wata rana na ji tana gaya wa kaza, "Gida har gida, babu ko fartanya." Na juya wajen ginshiƙin nan na ba shi amsa da murya mai nauyi, na ce, "Uwar malamin makaranta ta gama noma a duniya." (Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, har washegari na maimaita ta a ɗakin malamai.)

Da ruwa ya sauka sai ta fara canzawa. Ƙwaryarta ta fara dawowa babu komai. Da sassafe nakan ji motsinta a bayan ɗakinta, wani lokaci har da ɗan guna-gunin waƙa, abin da ban ji ba tun kafin rasuwar. Na duba lamarin da idon mai ilmi, na yanke hukunci cewa shayi da madarar gwangwani da nake saya mata ne suka fara aiki.

Ruwan da ya farfaɗo da Inna shi ya tayar da ciyawa. Kirikirin Bature ta haɗu da harkiya da duk danginsu, filin gaba ya zama kamar bakin fadama. A Dutsin-Ma ta wancan zamani wannan ba matsala ba ce da za ta hana kowa barci. Malam Isiyaku, abokin aikina kuma abokin tsokanata, ya ce, "Bari in turo maka tumakina mana, su yi maka aski su bar maka taki." Na ƙi. Wani ya ce a sa lauje. Wani ya ce langalanga, ƙarfen nan da fursunoni ke sheme ciyawar bakin hanya da shi. Duk na ƙi. Kawu na nan tafe, kuma ba na so ya tarar da kango, ba na so kuma ya tarar da turken tumaki. So nake ya tarar da fili kamar darduma, ya san 'yar'uwarsa tana gidan da ya fi ƙarfin gardamarsa.

Da aka samu hutu na hau mota na nufi Kano.

A wani kantin Kwara, Larabawan nan 'yan kasuwa, na samu injinan yankan ciyawa. Mai kantin, wani tsoho mai sanƙo da Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, daga ganinka ka san abin da kake so." Ban sani ba, amma na gyaɗa kai.

Ya fara nuna mini na turawa da hannu. Ƙaramin abu ne mai ƙafa biyu da wuƙaƙe a murɗe a tsakiya, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi. Ya tura shi a kan siminti, ya ba da wani ɗan sauti, ƙis-ƙis-ƙis, kamar almakashin tela. Ya ce wannan ba ya lalacewa sai dai ya dakushe, amma yana son gajeriyar ciyawa da mutum mai haƙuri. Na kwatanta kaina a bayansa, ina nishi ina gumi kamar mai tura amalanke, mutane na wucewa ba wanda ya waiwayo. Na ce a nuna mini wani.

Sai ya ɗauko hoton wanda ake hawa, kamar ƙaramar tarakta, ga wani jan Bature a kai da lofe a baki, hannu ɗaya a kan sitiyari. Na daɗe ina kallon hoton nan. A raina na cire Baturen na ɗora kaina, na tsayar da Kawu a bakin ƙofa baki buɗe. Amma mai kanti ya ce sai an yi odarsa, ya biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, ya biyo jirgin ƙasa zuwa Kano, kafin nan an yi girbi. Ya kuma tambaye ni girman filin. Da na kwatanta masa sai ya ce, cikin ladabi, wurin juyawa ma zai yi wuya.

Na ukun shi ne mai shan fetur, ja, mai ƙafa huɗu, da wuƙa a ƙarƙashi mai juyawa kamar fanka. Na yi masa tambayoyi irin na mai hankali: faɗin abin da yake yankawa, inda ake zuba baƙin mai, yadda ake wasa wuƙar, wanda zai gyara in ya tsaya. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗaga wuƙar ko a sauke ta. "Karon farko ka bar ta a sama, Malam, ka sauko a hankali." Daga nan ya fitar da shi bayan kanti ya ja igiya.

Ban taɓa jin abu ƙarami mai irin wannan ƙara ba. Kafin ka ce me, masu wucewa sun tsaya, 'yan dako sun ajiye kaya, wani mai keke ya sauko ya leƙo. A Kano fa ke nan, inda babu abin da ba su gani ba. A hanyar komawa gida na jera wa kaina dalilai masu kyau: ciyawata doguwa ce, na hannu ba zai iya ba, lokaci ya ƙure. Duk gaskiya ne. Amma ba su suka sa na saya ba. Mai keken nan da ya sauko ne.

Labari ya riga ni isa unguwa, sai dai ya ɗan karkace a hanya. Washegari da safe wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama da ƙwaryar dawa a ka, wai ta ji Malam ya kawo injin niƙa. Na yi mata bayani. Ta ce, "Ciyawa? In ya yanka kuma wa zai ci?" Na ce ba wanda zai ci. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta juya da dawarta.

Inna ma ta fito ta dube shi daga nesa. Ta tambayi ƙofa, "Wannan kuma na mene ne?"

Na gaya wa ginshiƙi cewa na yankan ciyawa ne.

"Ciyawar ina?"

"Ta gaban gida."

"To," in ji ta, ta koma ciki. Kuma Allah ya sani, a lokacin da na faɗa, haka nake nufi.

Ban tayar da shi ba. Na lulluɓe shi da buhu na ajiye, don ina so Kawu ya ga aikin da idonsa, tun daga farko har ƙarshe.

Ya iso ran kasuwa da hantsi, a motar 'yan awaki. Ya wuce ta cikin ciyawar yana ɗage riga yana tsaki, ya nufi ɗakin yayarsa. Sun daɗe suna magana, har na ji dariyarta, dariya sosai. Da ya fito sai ya zauna a baranda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya dube ni kamar wanda aka kayar a ciniki.

"Mi kake ba ta ne? Ta yi kumatu."

"Shayi da madara, Kawu."

"Uhm. To, ko mi ne ne, ci gaba. Na ce ta shirya mu tafi, ta ce ita ba inda za ta, sai ta ga kaka."

Ina so mai karatu ya lura da wannan wuri. A daidai wannan lokaci na riga na ci. Abin da ya rage mini shi ne in ba Kawu tuwo, in raka shi tasha, in dawo in zauna da uwata. Babu wanda ya tambaye ni inji.

Bayan la'asar na yaye buhu.

Na riga na gayyaci Malam Isiyaku da wasu maƙwabta, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin bishiyar bedi. Na naɗe hannun riga, na sauke wuƙar har ƙasa, don ba ni da lokacin saukowa a hankali, na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Ya yi tari ya mutu.

"Ko sai an kira mashi makaɗa?" in ji Kawu.

"A'a, baƙunta ce," in ji Malam Isiyaku. "Ɗan Kano ne, bai saba da ƙauye ba."

Na ja da dukan ƙarfina, har hulata ta faɗi, sai ya ɗauka. Kaji suka watse. Kawu ya miƙe tsaye ba shiri. Na tura shi cikin ciyawar, ya buɗe hanya a gabana kamar aska a kan jariri ran suna. Na kai ƙarshe na juyo, na sake buɗe wata. Kawunan mutane suka fara fitowa ta saman shinge. Masu dawowa daga kasuwa suka tsaya da jakunansu. Kawu yana ta ɗaga murya, daga baya aka gaya mini cewa yake, "Abincin raguna nawa ne yaron nan ke mayarwa gari!" Amma na ga fuskarsa, kuma na san abin ya burge shi.

Matsalar ita ce filin gaba bai kai girman da nake zato ba. Ina cikin jin daɗi sai na ga ya ƙare, ga shi kuwa mutane yanzu suke ƙaruwa, wasu ma ba su ga komai ba tukuna. Tsayawa a nan zai zama kamar makaɗi ya ajiye kalangu ana tsakiyar taruwa. Sai na karya kwana na bi ta gefen gida, jama'a suka biyo ni, na wuce madafa, na zagaya bayan ɗakin Inna.

Ciyawar wurin daban take. Na lura, ba zan ce ban lura ba. Ba a barbaje take ba, tsibi-tsibi take, tsakanin kowane da ɗan'uwansa kamar taki guda, ƙasar da ke tsakani kuma a tsabtace. Na tashi a gona, na yi shuka da diddigena tun ban kai tsawon sungumi ba. Da a Wurma na gan ta, ko daga kan jaki zan faɗi sunanta. Amma a gidan Bature nake, a bayan jan inji, idona rabi a ƙasa rabi a kan jama'a, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne: ka ga gidan Turawa, ciyawarsu ma a layi take fitowa.

Na shiga.

Ina cikin layi na biyu Inna ta fito. Ta tsaya a kusurwar ɗakin da mayafi a ka, don ga maza cike da wuri. Ta ɗaga hannu. Na ga bakinta yana motsi. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da ta dube ni ido cikin ido a gaban mutane, sai na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji. Na ce a raina, yau ko Inna ta kasa daurewa. Na saki hannu ɗaya daga injin, na ɗaga mata, na yi mata murmushi.

Na ci gaba. Wurin jigawa ne, ga danshi, wuƙar kuma tana ƙasa, saboda haka ba yanka kawai take ba, har tono take, yashi na tashi. Wasu tsibin suka yi gardama, na koma na sake bi ta kansu. Ni mutum ne mai son aiki ya fita tsaf. Da na ga babu sauran abin da ke tsaye, na kashe injin, na juyo ina jiran yabo.

Kunnuwana na ta ƙugi, wurin na ƙamshin ɗanyen ganye. Kawu ya tako a hankali ya tsuguna, ya ɗauki wani guntun ganye, ya murza, ya tono wata saiwa da ta fito fili ya duba. Duk manoman da ke wurin sun riga sun gane, na ga suna sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce, "wannan ai gero ne."

"Na Malam ne," in ji Inna. Haka take kiran Baba.

A nan ne na ji labarin, a tsaye, a gaban rabin unguwa. Baba yana da irin geronsa, zango mai doguwar zangarniya, wanda ya gada daga kakana. Kowace kaka shi da kansa yake bin dami yana zaɓen waɗanda suka fi cika, ya ɗaure daban ya rataye a ɗakinsa. A cikin hidimar rasuwa, matan da suka zo taya aiki suka sauke damin irin ba su sani ba, suka sussuke aka yi gumbar sadaka. 'Yan zangarniyoyin da suka faɗo bayan gado su Inna ta tsinta ta ƙulle a cikin kayanta. Gonar kuma an ba wani ɗan'uwa aro, ya shuka nasa irin. Abin da ke bayan ɗakin nan shi ke nan abin da ya rage na zaɓen hannun Baba. Da muciya ta haƙa ramukan. Da hannu take cire ciyawar kowace safiya.

"To ke, Yaya, mi ya hana ki tsawata mashi?"

"Na ce kai. Na ce kai, kai. Abin ya fi ni murya." Ta gyara mayafinta. "Da wane suna zan kira shi?"

Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. "To, Malam, sai da safe." "Allah ya huta gajiya, Malam." Malam Isiyaku, wanda bai taɓa barin wata dama ta tsokana ta wuce shi ba, ya ɗauko hulata daga inda ta faɗi, ya kaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu, ya tafi abinsa. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Inna ta tsuguna tana tattara yankakken ganyen a gefen zanenta. Na zo na durƙusa kusa da ita, na karya dokar da muka rayu a kanta, na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban sani ba."

Ta juyar da fuskarta wajen bango, kamar yadda ta saba.

"Bawa, ka ce mashi babu komi. Ka ce a kai wa akuyar maƙwabta wannan, kar ya tafi a banza." Ta ɗan dubi wurin daga wannan gefe zuwa wancan. "Ka ce mashi ya iya aiki. Ko ɗaya bai bari ba."

Na daɗe ina juya wannan magana, ina neman baƙar magana a cikinta, don da akwai da na samu abin riƙewa. Babu. Inna ba ta iya gatse ba. Ta ga aiki ne an yi shi har ƙarshe, ta faɗa.

Kawu ya kwana. Da gari ya waye na tarar da kayanta a ɗaure a bakin ƙofa, tabarma a naɗe, ƙwarya cikin ƙwarya.

"Kawu, jiya fa ka ce na ci."

"Jiya ta ce sai ta ga kaka. Yau ta ce ba abin da take jira."

"Zai tofo, Kawu. Gero yana tofowa in akuya ta ci."

"Akuya ba ta cin saiwa, ɗan nan."

"To, zan nemo wani irin. Yau ɗin nan zan shiga kasuwa."

Ya dube ni, ba da fushi ba. "Gero dai akwai shi a kasuwa," ya ce, ya ɗauki ƙullin kayanta ya ɗora a kafaɗa.

Na raka su tasha ina biye kamar baƙo. Ba ta yi kuka ba, ba ta waiwayi gidan ba. Sai da ta sa ƙafa a matakalar mota ta tsaya, ta gaya wa ƙarfen da ta riƙe, "A riƙa cin abinci da zafinsa. A bar kwana da yunwa." Motar ta tashi.

Wasu 'yan tsiraru sun tofo, waɗanda ke jikin shinge inda ƙafar injin ta hana wuƙar isa sosai. Na yi ta lallaɓa su safe da yamma, malamin makaranta a tsugune da farin wando. Amma sun makara. Lokacin da suka fitar da kai kowa ya riga ya girbe nasa, tsuntsayen garin kaf ba su da wata gona sai tawa. Ina aji ina koyar da lissafi suka gama da su. Abin da na samu zangarniya ce kawai, babu ƙwaya.

Inna ta ƙarasa shekarunta a Kurfi, a gidan Kawu. Nakan je duk hutu. Takan sa a yanka mini kaza, ta ɗauki jikanta ta goya, ta yi ta hira da matata har rana ta faɗi. Na yi ta aika mata da roƙo ta bakin mutane daban-daban a kan ta dawo, amsar guda ce kullum: a gaya masa tana nan lafiya. Ba ta sake kwana a gidana ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar geron ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu injinan nan sun zama ruwan dare a gidajen ma'aikata, kuma da yake an san na riga kowa, matasa kan zo su tambaye ni wanne ya fi: na hannu, ko mai fetur, ko wanda ake hawa. Nakan ce musu duk suna yanka, kuma babu wanda a cikinsu ya san abin da yake yankawa. Kafin ka je kanti, ka zagaya gidanka da ƙafa, har lungunan da ba ka zuwa, ka tsuguna ka duba, ka tambayi masu ɗakunan ko akwai abin da suka ajiye a ƙasa. Sai su gyaɗa kai su ce, "Wato a fara auna girman filin." Nakan ce musu e, haka nake nufi.